Yaronku na aji 4 amma karatu ya gagara? Ga yadda za ku sa makaranta ta kama masa

Bara da dogon hutu ɗan ƙanwata ya zo wajena, yana aji 4 a firamare. Ripot kad ɗinsa ba laifi, bai taɓa zuwa na ƙarshe ba, rubutunsa kuma kamar an buga da inji, duk gida ana cewa ai yaron nan akwai ƙoƙari. Wata rana ina wanke-wanke hannuna duk kumfa sai saƙo ya shigo wayata, nace masa ɗauko ka karanta min. Da Hausa ne saƙon, kalma bakwai kacal, ina kan hanya a ajiye min abinci. Yaron nan ya riƙe waya yayi shiru, yace "i... in..." sai ya ɗago yana kallon bakina yana jira in faɗa ya maimaita. Da daddare na ɗauko littafinsa na Turanci na buɗe shafin farko, ya zubo shi tas daga sama har ƙasa, amma na lura idonsa baya bin layi. Na ɗora yatsa kan kalma ɗaya a tsakiyar shafin nace wannan fa? Shiru. Ashe hadda ce. Shekara huɗu yaro yana hadda yana kwafa daga allo ana ta ciyar da shi gaba, wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

In naku ma haka yake to ba shi kaɗai bane. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 7 cikin 10 masu shekara goma basa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Kuma duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamare ta gwamnati a garuruwanmu ya san dalili, malami ɗaya ne da ɗaki cike maƙil wasu a benci wasu a ƙasa, ya rubuta a allo ya karanta yara su amsa baki ɗaya, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk murya ɗaya kake ji. Yaro mai kunya zai iya ɓoyewa cikin wannan amshin har aji 6.

Abinda na koya shine, in kuka je makaranta kuka ce "yaron nan baya ƙoƙari" to amsar da zaku samu itace "za mu duba insha Allah", shikenan an rufe maganar. Sai kun je da sanin daidai inda ya maƙale, da ɗan abin da kuke so a yi masa, da ranar da zaku dawo.

Mataki na farko: ku gano matakalar da ya tsaya a kai

Wannan a gida za a yi, kuma nan zan fi daɗewa don duk sauran a kansa suke zaune. Ku tuna makarantar allo. Malam baya ba yaro sura ya karanta sai ya wuce babbaƙu, ya wuce farfaru, in bai riƙe ba ba za a wanke masa allo ba ko da sa'anninsa sun yi nisa. Karatun boko ma haka yake, matakala ce, sai dai a boko ana ciyar da yaro gaba da shekara ne ba da iyawa ba.

Ku samu takarda da biro ku shirya gwaji hawa biyar, da Hausa tukunna in ita yake ji a gida.

Hawa na 1 haruffa. Ku rubuta guda goma a hargitse, kar ku jera su a b c d don wannan waƙa ce ya haddace tun nazare. Misali m, r, k, a, s, ɗ, u, t, ƙ, e. Ku tambaye shi sautin harafin, ba sunansa na Turanci kawai ba, don yaro da yawa zai ce maka "em" amma bai san ita ce ke farkon "mama" ba.

Hawa na 2 gaɓoɓi, ba, ki, su, ƙo, ɗa, tsa, sha, gwa. Wannan shine farfarun boko kuma a nan yara da yawa suke tsayawa, sun san harafi ɗai-ɗai amma haɗawa ta gagara.

Hawa na 3 kalmomi irin su rana, kifi, tuwo, ɗaki, ƙofa, tsuntsu. Ku cusa biyu ko uku da babu su a Hausa sam, kamar "kimo" ko "zafu". Wanda yake haɗa sauti da gaske zai karanta su ko yana dariya, mai hadda da cinta kuwa nan zaku gane shi.

Hawa na 4 jimloli gajeru guda huɗu da bai taɓa gani ba, ku ƙirƙira da kanku. Hawa na 5 ɗan labari mai layi takwas ko goma, in ya gama ku yi masa tambaya biyu a kai, wa ya je kasuwa, me yasa ya dawo. Akwai yaron da zai karanta tiryan-tiryan amma ka tambaye shi me aka ce sai ya zuba maka ido, shima matsala ce, sai dai maganinta daban.

Inda ya fara tuntuɓe sosai nan ne matakinsa, ku tsaya a nan kar ku ja shi gaba. Ku rubuta kwanan wata da abin da ya iya da wanda ya kasa. In ya kai hawa na 4 ko 5 ku kunna agogon waya minti ɗaya ku ƙirga kalma nawa ya karanta daidai, ku naɗi muryarsa ma a waya in zai yiwu. Washegari ku sake irin wannan gwajin da Turanci, don sau da yawa zaka ga yaro ya iya haɗa harafi lafiya lau, Turancin ne baya ji, kuma wannan ba ɗaya bane da rashin iya karatu.

Dan Allah kar a yi gwajin nan da bulala a gefe, kar a yi a gaban ƙannensa ko yayye masu tsokana, kar a yi lokacin da ya dawo daga Islamiyya a gajiye da yunwa. Ku ce masa wasa za mu yi ina so in ga inda zan taimaka maka. In ya tsorata ko abin da ya sani ma zai ɓace masa kuma ku samu sakamakon ƙarya.

Mataki na biyu: a duba jikinsa

Kafin a ɗora wa malami laifi ko a ce yaro daƙiƙi ne, a duba ido da kunne. Yaron da yake matse ido in yana kallon allo, ko yake kai littafi dab da hanci, ko yawan ciwon kai bayan makaranta, a kai shi a auna idon, wani tabarau kawai yake buƙata. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka, a Kaduna akwai asibitin ido na ƙasa da cibiyar kula da kunne ta ƙasa, manyan asibitocin jiha ma suna da sashen ido. Kunne kuwa mun fi sakaci da shi, yaro ya yi ta fama da kunne mai zubar ruwa tun yana ƙarami ana ɗiga masa abu a gida, alhali wanda baya jin bambancin "ka" da "ƙa" ko "da" da "ɗa" sosai ta yaya zai haɗa su da harafi?

Sai fashi. Ku roƙi malami ya nuna muku rajista ku ƙirga kwanakin da bai zo ba a zangon da ya wuce. Mai sikila, mai yawan zazzaɓi da damina, yarinyar da sai ta gama talla ko raino take zuwa, yaron da ake ɗauka gona ko kasuwa ranar cin kasuwa, duk waɗannan ramuka ne a karatunsu. Wannan ɓangaren namu ne iyaye, in ba mu gyara ba bamu da bakin magana a makaranta.

Mataki na uku: malamin aji

Ku fara da malamin ajinsa, kar ku tsallake shi ku tafi ofishin hedimasta, zai ɗauka ƙararsa kuka kai kuma yaronku ne zai zauna da shi kullum. Kar ku tare shi a bakin get ko lokacin asambuli, ku aika ko ku kira ku ce Malam yaushe kake da minti goma sha biyar. Kuma in da hali uba ya je, ko su je tare. Na sha gani, uwa ce ta san halin da yaro yake ciki amma uban bai taɓa taka makarantar ba sai ranar biyan kuɗi. In uban baya gari a samu kawu ko babban yaya ya raka.

Ku je da takardar gwajin a hannu. Bayan gaisuwa ga irin maganar da take buɗe ƙofa: "Malam, Allah ya saka da alheri, mun san yaran suna da yawa kuma kuna ƙoƙari. Mun gwada shi a gida mun ga ya san haruffa amma baya iya haɗa su, ga takardar. Kai me ka gani a aji? Me zaka iya yi masa a nan, mu kuma me za mu yi a gida?" Kunga ba zargi a ciki, amma kuma ba inda za a ce muku za mu duba kawai. In ya nuna shakka ku ce a kira yaron ya gwada shi a gabanku da kalmar da ba ta cikin darasin satin.

Sai ku roƙi ƙananan abubuwa waɗanda malami mai yara da yawa zai iya yi da gaske. A dawo da shi layin gaba. A ba shi minti goma sau uku a sati, lokacin tara ko bayan tashi, a kan matakin da ya tsaya ba a kan darasin aji ba, kuma zai fi sauƙi in malam ya haɗa shi da wasu huɗu ko biyar masu irin matsalarsa, don tabbas akwai su. A zaunar da shi kusa da yaro mai haƙuri wanda ya iya. A daina tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji ana masa dariya har sai ya samu ƙafa. A daina dukansa a kan karatu, wannan ku faɗa a fili cikin ladabi, duka bai taɓa koya wa yaro haɗa "b" da "a" ba, tsanar littafi kawai yake koya masa. Sannan a bari ya riƙa zuwa gida da littafin karatu ko na aro ne.

Kafin ku tashi ku tsayar da rana, sati shida ya isa a ga motsi. Ku sayi littafin rubutu ƙarami ɗaya ya zama na saƙo tsakanin gida da makaranta, malam ya rubuta layi ɗaya a sati, wannan satin mun yi gaɓoɓin "k" da "ƙ", ku kuma ku sa hannu. Wannan ɗan littafin yafi duk wani alƙawarin baki.

Mataki na huɗu: in abin ya fi ƙarfin malami

Wani lokacin malamin yana so amma shima ba a taɓa koya masa yadda ake koyar da karatu daga tushe ba, ko ba lokaci ba kayan aiki. To nan sai a je wajen hedimasta, kuma ku gaya wa malamin zaku je, ko ma ku tafi tare.

Ku tambayi hedimasta ko akwai malamin da ya taɓa samun horo a ɗaya daga cikin shirye-shiryen karatu da aka yi a arewa, don an yi su kuma malamai da yawa sun shiga. A Katsina da Zamfara an fara shirin RANA a 2015 tare da UNICEF, na koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. A Bauchi da Sakkwato an raba littattafan Mu Karanta na aji 1 zuwa 3 da tallafin Amurka. A Kano an yi shirin KaLMA daga 2019 a Wudil da Dawakin Tofa, shi kuma ya ɗauko tsarin TaRL ne wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro, inda ake raba yara gwargwadon matakin karatunsu ba gwargwadon ajinsu ba na wani lokaci a rana, kusan irin gwajin da na bayyana a sama. Ga kuma Jolly Phonics na sautukan Turanci da aka horar da malaman aji 1 a jihohi da dama. Amfanin sanin sunayen nan shine, wata makarantar malamar da ta iya abin tana nan a aji 1 ko 2, littattafan ma suna kulle a sito, ba wanda ya tambaya ne kawai. Sai ku ce ranka ya daɗe ko za a bari yaron ya riƙa zuwa wajenta rabin awa.

Kar ku ji nauyin tambaya kamar alfarma kuke roƙo. Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin shekara tara, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ba zaman benci dokar take nufi ba.

In shiru ta yi yawa, ku nemi wasu iyayen. Ku gwada yaran maƙwabta biyar da takardar nan taku, zaku sha mamaki. Iyaye shida da takardu shida sun fi mutum ɗaya mai ƙorafi nauyi nesa ba kusa ba. Ku kai maganar taron PTA, ko wajen kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta wanda yake da mai unguwa ko wakilinsa da liman da wakilan mata a ciki, ku nemi a ware awa ɗaya ta gyaran karatu ga ƴan aji 3 zuwa 6. Daga nan sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, akwai jami'an da aikinsu kenan zagaya makarantu suna tallafa wa malamai, ana ce musu SSO, a samansu akwai sakataren ilimi, a samansa kuma SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. In zaku rubuta takarda kar ta wuce shafi ɗaya, sunan makaranta, aji, abin da gwaji ya nuna, ranakun da kuka gana da malami da hedimasta, da abin da kuke nema. Ku yi kwafi biyu a buga muku hatimi a ɗaya ku riƙe.

Masu yara a makarantar kuɗi kar ku ce wannan bai shafe ku ba, ɗan ƙanwar tawa ma a ta kuɗi yake. Can abin da za a fara ce muku shine a sa shi a lesin, a ƙara kuɗi kaza. Ku tambaya me za a koya masa a lesin ɗin. In maimaita darasin safe ne ko yin aikin gida to asarar kuɗi ce, yaron da bai iya haɗa gaɓa ba ko sau goma aka maimaita masa darasin aji 4 ba zai shiga ba. Ku ce kun yarda ku biya in za a koma da shi matakin da ya tsaya kuma a gwada shi a gabanku bayan sati shida. Kuma ku daina yarda da maki kawai, ku karɓi takardar jarrabawa ku ce ya karanta muku tambaya ta farko.

Maganar maimaita aji kuwa, ni dai ra'ayina in za a mayar da shi aji ɗaya, malami ɗaya, salo ɗaya, to shekara kawai aka ci masa aka ƙara masa kunya. In za a maimaita to a rubuta me zai canja. Amma kuma kar a tura ɗan aji 6 sakandare bai iya karatu ba don kar a ce ya tsaya, can babu mai komawa da shi kan haruffa.

Naku aikin a gida

Minti goma sha biyar kullum, ba awa biyu ranar Asabar ba. Ku yanka kwali ko ku tara murafen kwalba ku rubuta harafi ɗaya a kowanne, ya riƙa haɗawa yana rabawa, k da i ki, f da i fi, ki da fi kifi. A hanya ya karanta allon shago, bayan adaidaita, jikin buhun shinkafa. Akwai labaran yara na Hausa kyauta a shafin African Storybook in kuna da data, ku zaɓi masu manyan haruffa da layi ɗaya a shafi ko da kuna ganin sun yi masa ƙanƙanta. Uwar da ba ta yi boko ba itama tana da nata, ta zauna ta saurara, in abin da ya karanta bai yi ma'ana a kunnenta ba tace sake dai, ta yi masa tatsuniya ta tambaye shi me ya faru daga baya. Kuma a hana kowa a gidan kiransa daƙiƙi, har kakarsa.

In an yi duk wannan bai motsa ba

In an yi zango guda ana koya masa a matakinsa kullum, ido lafiya kunne lafiya, baya fashi, amma abin da ya koya jiya yau ya ɓace, to a yi tunanin disleksiya. Wata matsala ce ta yadda ƙwaƙwalwa take haɗa sauti da harafi, bata da alaƙa da rashin basira, yaron zaka same shi da wayo a magana da lissafin kuɗi da gyaran abu amma rubutu ya zame masa dutse, kuma tana bin dangi, ku tuna ko akwai wani babba a gidan da ya sha irin wannan wahalar. Juya b da d kaɗai a wajen ɗan shekara shida ko bakwai ba hujja bace, yara da yawa suna yi su daina. In ya haura takwas yana yi, ga jinkiri mai tsanani, ga tsallake kalmomi, to a nemi gwani. A fara da likitan yara a asibitin koyarwa ya tura ku inda ya dace, akwai kuma sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos. Addu'a kam a yi ta yi, amma a haɗa da zuwa a duba shi.

In kun samu rahoto a rubuce ku kai wa hedimasta kwafi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, don haka ku nemi a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a karanta masa tambayoyin lissafi da kimiyya da baki don a auna abin da ya sani, a rage masa yawan kwafa daga allo.

Shi ɗan ƙanwata a hawa na 2 muka same shi. Malamar aji 1 ce ta karɓe shi da wasu yara lokacin tara, uwarsa kuma ta riƙe murafen kwalba bayan magariba. Da muka sake gwaji bayan sati shida ya hau kalmomi, yanzu yana karanta ɗan labarin Hausa ya ba ka amsa, Turanci ne har yau muke kan jimloli. Da ya shiga aji 5 a satin farko babansa ya ɗauki ɗan littafin saƙon nan da takardun gwajin ya kai wa sabon malamin, don ba wanda zai gaya masa in ba ku ba, kuma an sake tsayar da wata ranar.